Inci Uku

A bayan madatsar ruwan Lamingo da ke Jos, idan ka bar kwalta ka kama 'yar hanyar ƙafa da ke miƙewa zuwa gindin duwatsun Shere, akwai wata gangara da ba ta fi taku arba'in ba. Ruwan damina ya daɗe da kwashe ƙasar wurin, ya bar duwatsu a waje, wasu kamar dunƙulen hannu, wasu kamar tukunyar miya da aka kife. Shekara goma sha biyu na yi ina bin gangarar nan a kan keke, galibi ranar Asabar bayan an sallame asuba, har na san kowane dutse da ke cikinta kamar yadda mutum ya san matakalar gidansa cikin duhu. Na san inda zan karkata hagu, na san inda zan ɗage wilin gaba, na san inda zan sauke ƙafa ɗaya in an kwana ana ruwa. Sau biyu ta kayar da ni, ɗaya daga ciki sai da aka yi mini ɗori a wuyan hannu.

Wata Asabar cikin hunturun 2018 na iso wurin a kan wani keke daban, mai wili inci 29 maimakon inci 26 da na saba da shi. Na taɓa birki, na tashi daga sirdi, na ɗaure jiki ina jiran bugun da na san yana tafe. Ya zo, amma a sanyaye, kamar an shimfiɗa tabarma a kan duwatsun. Kafin in gama shiri har na sauka, ina tsaye kusa da shingen ƙerana da ke ƙasan gangarar. Na waiwaya, ga duwatsu nan kowanne a mazauninsa. Na tura keken na koma sama, na sake gangarowa, don zuciyata ba ta gamsu ba. A karo na uku ban ma zaɓi hanya ba, ta tsakiya na bi, ta kan wani dutse mai baki-baki da na shekara goma sha biyu ina kauce masa.

Tun daga ranar nake juya wannan al'amari a raina, kuma sai yanzu da shekaru suka shiga tsakani nake ganin zan iya faɗin abin da inci ukun nan suka ba ni da abin da suka karɓe.

Ba sha'awa ce ta fara kai ni ga keken hawan dutse ba. A 2006 likita ya auna ni ya ce jinina ya hau, ya rubuta magani, ya kuma ce in nemi abin da zai riƙa sa ni gumi. Gudu ba ya yi mini saboda gwiwa. Sai na shiga kasuwa wurin masu kekuna 'yan Kwatano, na hannu, waɗanda ake jibgewa kamar itace, na zaɓi wani shuɗi mai giya 21 da tayoyi masu kaushi. Ban tambayi girman wilinsa ba, shi ma mai sayarwa bai faɗa ba, domin a lokacin babu abin tambaya. Keken dutse kusan duk inda yake a duniya inci 26 ne, kamar yadda kwano a kasuwar hatsi kwano ne. Jos kuwa kamar don wannan keke aka yi ta: gari ne a kan tudu, sama da mita 1,200 daga doron teku, ga sanyi, ga hanyoyin ƙafa da suka ratsa tsakanin tafkunan da haƙar kuza ta bari a Rayfield da Bukuru, ga gonakin dankalin Turawa da acca. Cikin shekara guda jinin ya sauka, ni kuma keken ya riga ya shiga raina.

Daga baya ne, da na fara bin tarihin abin, na gane cewa inci 26 ɗin da na ɗauka dokar halitta ce, gado ne kawai. A tsakiyar shekarun 1970 wasu samari a gundumar Marin, arewa da San Faransisko a jihar Kalifoniya, suka riƙa tono tsofaffin kekunan Schwinn na shekarun 1930 da 1940, masu nauyi da faffaɗar taya, suna gangarowa da su daga duwatsun yankinsu. A watan Oktoba na 1976 suka fara wata tsere a wata gangara da suka laƙaba wa suna Repack, saboda kafin mutum ya kai ƙasa birkin baya ya yi zafi har man da ke cikinsa ya ƙone, sai an kwance an sake cusa wani. Cikinsu akwai Gary Fisher da Charlie Kelly da Joe Breeze, wanda a 1977 ya ƙera keken farko da aka yi musamman don wannan aiki. A 1981 kamfanin Specialized ya fito da Stumpjumper ga kowa da kowa, a 1996 kuma wasan ya shiga Olamfik a Atlanta. Duk tsawon wannan tafiya wilin bai canza ba, kuma dalilin bai wuce guda ba: faffaɗar tayar da samarin Marin suka iya samu a shagunan garinsu ita ce ta tsofaffin Schwinn ɗin, mai inci 26. Ba wanda ya zauna ya auna ya ce wannan girman ne ya fi dacewa da dutse. Abin da ke hannu aka ɗauka, duniya kuma ta bi sahu har shekara kusan talatin.

Akwai waɗanda tun da wuri ba su gamsu ba. Geoff Apps a Ingila ya gwada manyan wili da tayoyin ƙanƙara na ƙasar Finland tun farkon shekarun 1980. Wes Williams, wani maƙerin kekuna a garin Crested Butte na jihar Kolorado, ya daɗe yana nacin cewa babban wili ne daidai. Abin da ya riƙe su duka shi ne taya, don maƙeri yana iya lanƙwasa ƙarfe a shagonsa yadda ya so, amma taya sai masana'anta. Sai a 1999 kamfanin WTB ya fitar da wata taya mai suna Nano Raptor, faffaɗa, wadda ke hawa rim irin na keken tsere na kwalta. Da aka hura ta aka auna daga ƙasa zuwa sama, sai ta tasam ma inci 29, sunan ya samo asali ke nan. Gary Fisher ya rungumi abin a farkon shekarun 2000, amma shekara kusan goma mafi yawan mahaya suna kallon babban wili a matsayin kayan dogaye da masu son a san da su. Bakin mutane bai mutu ba sai da Jaroslav Kulhavý ɗan ƙasar Cek ya ci gasar duniya a 2011 a kan inci 29, ya kuma ɗauki zinaren Olamfik a Landan a 2012. Wanda ya zo masa na biyu a ranar, Nino Schurter na Suwizalan, yana kan inci 27.5 ne, wani matsakaicin girma da aka farfaɗo da shi a tsakani. A 2017 Greg Minnaar na Afirka ta Kudu ya ci tseren gangara a Fort William ta Sikotilan da babban wili, a fagen da aka daɗe ana cewa shi kam ba na babban wili ba ne.

Duk wannan ina jin labarinsa daga nesa, kuma ban ga abin da ya shafe ni ba. Shuɗin kekena yana kai ni inda nake so. Na canza masa sarƙa ban san sau nawa ba, na canza feda, na canza sirdi, har ya zama babu abin da ya rage na asali sai ƙarfen jikinsa. Wanda ya karya mini wannan taurin kai ƙanen wani abokina ne da ya yi karatu a Afirka ta Kudu, ya dawo da keke a cikin kwali, sannan aiki ya kira shi Legas, inda ya ce ba shi da wurin hawa. Ya kawo mini shi har gida.

"Yaya, ka riƙe shi wata guda," in ji shi. "In bai yi maka ba, ka dawo mini da abina, ba ciniki."

Na ce masa ni da na kusa hamsin me zan yi da keke kamar raƙumi.

Ya ce, "Ai saboda hamsin ɗin na kawo maka, Yaya."

Ban fahimci maganarsa ba a ranar. Na fahimce ta a gangarar Lamingo.

Sirrin ba wani mai zurfi ba ne, duk wanda ya taɓa tura baro ya san shi. Ka tura baro cike da yashi, ɗan dutse kamar ƙwan kaza ya tare wilin, sai ka ji baron ya cije, hannunsa ya zungure ka a ciki. Amalanken shanu kuwa ta bi ta kan dutsen nan, mai korar shanun ko farkawa daga gyangyaɗi ba zai yi ba. Dutsen ɗaya ne. Ga ƙaramin wili bango ne da sai an hau shi, ga babban wili tudu ne da ake mirginawa a wuce, domin inda dutsen ya taɓa babban wili ya fi kusa da ƙasansa, hawan ya zo a kwance. Haka ma rami: ƙaramin wili ya faɗa ciki har wuya, babba kuwa bakin ramin biyu sun tallafe shi kafin ya nutse. Tsakanin 26 da 29 bambancin bai kai na baro da amalanke ba, ko kusa. Rim na farko faɗinsa milimita 559 ne, na biyu 622, tazarar milimita 63 ke nan, abin da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba. Amma a hanyar da duwatsu suke dubbai, kowane dutse ya rage maka ɗan bugu kaɗan, kafin awa uku abin ya taru ya zama bambanci tsakanin mutumin da ya dawo gida ya yi wanka ya tafi ɗaurin aure da wanda ya dawo ya kwanta ana danna masa baya.

Akwai kuma wasu abubuwan da suka biyo baya. Juyi ɗaya na wilin 29 yana cin ƙasa kusan santimita 22 fiye da na 26, wato a kilomita guda ƙaramin zai juya sau ɗari huɗu da tamanin da ɗoriya, babban kuwa bai kai ɗari huɗu da arba'in ba. In ya ɗauki gudu ba ya saurin sakinsa. Inda tayar ke taɓa ƙasa ya fi tsawo, don haka a rairayin bakin rafi, inda dā wilin gaba yakan nutse ya karkace in sauka in tura, yanzu nakan wuce a zaune muddin ban daina taka feda ba. A hawan tudu mai tsakuwa, irin jar tsakuwar marmara da ke zamewa ƙarƙashin taya, wilin baya ya fi kama ƙasa. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne zaman kansa. Na ɗauka zan ji ni can sama kamar wanda ya hau raƙumin da na ambata, sai na ji akasin haka. Tsayin feda daga ƙasa kusan ɗaya ne a kekunan biyu, amma a babban keke cibiyar kowane wili ta fi feda tsayi sosai, sai mutum ya ji kamar a cikin keken yake zaune, wili a gabansa wili a bayansa, kamar mai zama a kwale-kwale. Tsoron nan na kifawa ta kan keke, wanda bai rabu da ni ba tun ɗorin wuyan hannu, a hankali ya sake ni.

Wata bai cika ba na aika wa ƙanen abokin nawa da kuɗinsa.

To, amma kowane allazi da nasa amanu. Satin farko cinyoyina sun faɗa mini. Babban wili ya fi nauyi, kuma nauyin yana can gefe, a taya da rim, inda ya fi wuyar juyawa. Daga tsaye zuwa gudu sai ka ji kamar kana tayar da babbar mota. Giyar da na saba hawa tudun Naraguta da ita ta zama mai tauri, don kowane taku yanzu ƙasa mai yawa yake ja, sai da na sa aka rage girman faifan sarƙa na gaba. Keken ya fi tsawo, bai shiga bayan motata sai an cire wilin gaba. Waɗannan duk ƙananan abubuwa ne, jiki ya saba, an wuce wurin.

Wanda bai wuce ba shi ne wannan. A can sama cikin Shere akwai wurare da hanya ke lanƙwasa tsakanin manyan duwatsu biyu, matsattsiya, irin wadda awaki suka fitar. A kan shuɗin kekena nakan shiga irin wurin nan da kafaɗa da ƙugu, in murɗa kan keke, in ɗan ɗaga wilin baya in ajiye shi gefe, in fita. Keken yana jin maganata kafin in gama faɗa. Babban kuwa sai ka sanar da shi tun daga nesa, ka buɗe kwana, ka kwantar da shi da gangan, wani wurin ma dole ka sauka. Kuma akwai abin da ya fi wannan ciwo, ko da yake na daɗe ban iya sa masa suna ba. A kan ƙaramin wili dole ka karanta hanya harafi-harafi. Idonka yana kan kowane dutse, kowace saiwa, kowane tsagin da ruwa ya yi, don in ka yi sakaci da ɗaya zai karɓi hakkinsa a jikinka. Wannan karatun shi ne rabin daɗin abin. Awa uku ba ka tuna bashi, ba ka tuna ofis, babu komai a kanka sai taku biyar da ke gabanka. Babban wili ya yafe mini wannan karatu. Yanzu ina iya gangarowa ta Lamingo ina tunanin kuɗin makarantar yara. Na sami sauƙi a gwiwa da baya, na sami damar ɗaga kai in ga hazo yana sauka a kan duwatsu, abin da dā ba na gani sai na tsaya. Amma sanin da na yi wa gangarar nan dutse-dutse ya zama ilimin da ba a tambayata, kuma ilimin da ba a tambaya zubewa yake yi. Yau in ka ce in zana maka ita a ƙasa da tsinke, ba zan iya ba. A 2015 da na zana maka ita ido rufe.

Sai maganar kayan gyara, wadda duk mai shirin wannan canji a ƙasarmu ya kamata ya yi tunaninta kafin ya zura hannu a aljihu. Tayar inci 26 da tiyub ɗinta babu kasuwar da ba ka samu, har a ƙauye ranar kasuwa. Ta 29 kuwa a waɗannan shekarun sai na yi saƙo Abuja ko Legas, ko in jira wani mai dawowa daga waje. Bawul ɗin tiyub ɗin ma siriri ne, famfon mai faci na bakin titi ba ya kama shi sai da wani ɗan ƙarfe da ake ɗaurawa a kai, wanda yanzu ba ya rabuwa da makullan gidana. Na koyi cewa in ta ɓaci a daji ana iya jan tiyub na 26 a cusa shi cikin tayar 29 ya kai mutum gida. Daga baya na koma tayar da ba ta da tiyub, wadda ake zuba wa wani farin ruwa mai danƙo a ciki, ƙaya ko tsidau ya huda, ruwan ya toshe kafin iska ta fita. Shi ma ruwan da rani bushewa yake yi, shi ma sai an yi saƙonsa.

Wannan neman taya ne ya kai ni ga abin da ya sa na zauna rubuta wannan waiwaye. Wata rana tayar baya ta yage a gefe, wani dutse mai kaifi ya tsarge ta, ga shi ba ni da wata. Na tura keken zuwa wurin wani dattijo mai gyaran keke a unguwarmu ta dā, mutumin da ya yi wa mahaifina gyara, ya kuma ba mu hayar keke muna yara. Ya sa tabarau, ya zagaya keken, ya ɗaga shi ya ji nauyinsa, ya kaɗa wilin gaba ya tsaya yana kallonsa yana juyawa.

"Wannan ne sabon yayin?"

Na ce, "Shi ne, Baba. Inci 29. Yanzu Turawa sun gano babban wili ya fi tafiya a hanya marar kyau."

Bai ce komai ba. Ya shiga cikin shagon ya fito da wani tsohon wili mai tsatsa na baƙin keken nan na iyayenmu, ya cire tayata da ta yage, ya jera rim ɗin biyu a jikin bango. Nasa ya fi nawa tsayi. Ba da yawa ba, kamar faɗin ɗan yatsa, amma ido yana gani.

"Ɗana," ya ce, "wannan na irin keken babanka ne. Mu 28 muke ce masa. Ga naka 29. To, wanne ne babba?"

Ya gwada ɗora mini tayar 28 ɗin ko za ta kai ni gida, ta ƙi zama, tana lilo a kan rim ɗin. A ƙarshe ɗinke tawa ya yi da zaren buhu, ya lika mata ƙyallen tsohuwar taya ta ciki, ta kuwa yi mini sati biyu.

Da na koma gida na bincika, sai na tarar dattijon ya fi ni gaskiya har da lissafi. Lambar incin da ake kiran wili da ita ba ta rim ba ce, ta tsayin wili ne da tayarsa a hure. Rim na baƙin keken nan, Raleigh da Phoenix da Hero da 'yan'uwansu masu birkin sanda, milimita 635 ne, ya ɗara na inci 29 da milimita 13. Tayarsa ce siririya, inci ɗaya da rabi, shi ya sa jimillar ta tsaya a 28. Wato abin da aka yi shekara goma ana musu a kansa a Kalifoniya da Kolorado, abin da sai da aka ci zinaren Olamfik kafin a yarda da shi, shi ne abin da ke ƙarƙashin kowane mai tallan yadi da kowane malamin gona da kowane mai kai madara a ƙasar nan tun kafin a haife ni. Raleigh har masana'anta ta yi a Kano. Ba ina cewa keken babana keken hawan dutse ba ne. Ba shi da giya, nauyinsa ya isa, birkinsa in ruwa ya taɓa shi sai addu'a. Amma waɗanda suka ƙera shi don hanyoyin da ba kwalta, a Indiya da Sin da Afirka, ba su taɓa barin babban wili ba, kuma waɗanda suka hau shi da buhun masara a kariya sun san dalili a ƙugunsu ko da ba su san milimita ba.

Mahaifina malamin firamare ne. Da kuɗin ƙarin albashin Udoji ya sayi Raleigh ɗinsa a 1975, kuma shekara da shekaru a kansa yake zuwa wata makaranta a bayan gari, hanyar da babu kwalta ko taku ɗaya. A kan keken nan na koyi tuƙi, ina zura ƙafa ta ƙarƙashin sandar tsakiya saboda ban kai sirdi ba. Abin da na fi tunawa shi ne zama a kariya, na riƙe babbar rigarsa ta baya, muna gangarowa ta hanya mai duwatsu, shi kuwa zaune cak, bayansa a miƙe, hularsa ko motsi ba ta yi. Ban taɓa ganin ya tashi daga sirdi ba, ban taɓa ganin yana kallon ƙasa ba. Gaba yake kallo, yana ɗaga hannu yana gaida mutanen da ke gona, wani lokaci yana bitar karatu a hankali. A lokacin na ɗauka natsuwarsa ce kawai, irin ta manya. Natsuwar tana nan, Allah ya jiƙansa, amma yanzu na san da hannun wilin a ciki. Ranar da na fara gangarowa Lamingo a kan babban wili na ji kamar an shimfiɗa tabarma, jikina ya gane wani abu da ƙwaƙwalwata ba ta gane ba sai a shagon dattijon nan: wannan lumshin tafiya na taɓa jin sa, ina ɗan shekara shida, fuskata a jikin rigar da ke ƙamshin shuni da alli.

Duk da haka ba zan ce wa kowa ya bi ni ba, kuma akwai abin da ke ci mini rai game da yadda canjin ya kasance. Tun wajen 2015 manyan kamfanoni suka kusa daina ƙera kyawawan kekunan dutse masu inci 26 gaba ɗaya. Da suka ga dogayen wayoyin babban wili suna sa shi lanƙwasa, sai suka faɗaɗa cibiyar wili zuwa wani sabon ma'auni, wanda ya sa tsofaffin wili ba sa shiga sababbin kekuna. Abin da ya fara a matsayin zaɓi ya koma tilas. Mutum gajere, ko mace mai ƙaramin jiki, ko yaro mai tasowa, babban wili yakan fi ƙarfinsa: keken ya yi masa tsawo, a gangara mai tsanani tayar baya ta taɓa shi in ya ja jiki baya, a ƙananan kekuna ma yatsun ƙafa kan goge tayar gaba wurin kwana. Su kansu masu tseren gangara da yawa yanzu sun koma haɗa biyu, 29 a gaba, 27.5 a baya, wanda ke nuna maganar ba ta ƙare inda aka ce ta ƙare ba. A nan gida kuwa, wanda kekensa shi ne ƙafarsa, shi ne abin neman abincinsa, in ya tambaye ni zan ce ya riƙe 26 ɗinsa ko baƙin kekensa, don keken da mai facin ƙauye zai iya tayarwa ya fi wanda sai an jira saƙo daga Legas. Babban wili ya dace da ni ne saboda tsayina, da shekaruna, da irin doguwar tafiyar da nake yi yanzu, wadda ba ta neman a burge kowa. Da a ce ina da shekara ashirin da biyar, ina jin matsatsin duwatsun Shere zan zaɓa.

Shuɗin keken ban sayar da shi ba. Shekara biyu yana rataye a sito, sai 'yata ta biyu ta kai tsayin da ƙafarta ke isa feda, ta ce tana so. Na sauke mata sirdi, na sa sababbin tayoyi da na saya a kasuwa ba tare da saƙo ba. Yanzu wasu Asabar ɗin tare muke fita. Ranar da na fara kai ta gangarar Lamingo na tsaya a sama zan nuna mata hanya, in ce ga inda za ki karkata, ga inda za ki ɗage gaba, sai na ga ina nuna wurin da ba shi ba. Ta sauka ta jingine keken, ta bi gangarar da ƙafa tana duba duwatsun ɗaya bayan ɗaya, har tana taɓa wasu da takalmi ta ji ko suna motsi. Ta dawo ta ce, "Baba, ta hagu ne, sai an wuce baƙin dutsen nan a koma tsakiya."

Ta hagu ne kuwa. Na riga ta sauka, ta tsakiya, na tsaya a gindin ƙerana ina kallonta tana tahowa a hankali, ta tashi daga sirdi, idonta a ƙasa, leɓenta yana motsi kamar mai ƙirga.